Yadda za ka dawo da gefen hoton da talabijin ɗinka ke cinyewa

Idan mutum ya kawo mini ƙorafin cewa ya jona kwamfuta da filasma ta HDMI, amma layin ƙasa na Windows ya nutse, agogon kusurwa ya rage rabi, ba na taɓa sukudireba. Rimot nake cewa a miƙo mini. Matsalar overscan ce: talabijin na ɗan buɗa hoto har ya fi allo girma, gefuna huɗu su faɗa waje.

Gadon tsofaffin talabijin masu tozo ne. A waɗancan hoto ba ya zama wuri ɗaya; wuta ta yi ƙasa sai ya tsuke, baƙin gefe ya leƙo. Shi ya sa kamfanoni ke buɗa shi kaɗan, tashoshi kuma suna janye rubutu daga baki-baki. Allon yanzu kuwa ɗigon da ke haɗa hotonsa ƙidayayye ne, misali 1920 a kwance, 1080 a tsaye. Buɗa hoto a kansa asara biyu ce: gefe ya tafi, rubutu kuma ya yi dishi-dishi don ɗigo bai hau kan ɗigo ba.

Ka shiga saitin hoto, ka nemi wurin girman allo. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa. A LG ka kunna "Just Scan", a Samsung "Fit to Screen" ko "Screen Fit", a Sony "Full Pixel", a Sharp "Dot by Dot". Panasonic kai tsaye yake rubuta overscan, sai ka kashe. Ka yi wannan kana kan ƙofar HDMI ɗin da ka jona, domin yawanci kowace ƙofa da nata saitin. In zaɓin ya ƙi dannuwa, duba kwamfutar: tana tura 1920 da 1080 kuwa? A Samsung, sauya sunan ƙofar zuwa "PC" ma yakan warware shi.

Kada ka fara da matse hoto daga kwamfuta. Gefe zai dawo, amma kaifin rubutu ba zai dawo ba. Wannan sai in talabijin ɗin ba shi da saitin sam.

Wuri ɗaya nake barin overscan a kunne: tsohuwar dikoda ko bidiyo mai jan waya da fara da rawaya. Nan za ka iya ganin wani siririn layi yana rawa a saman allo, ko ƙasan hoto ya karkace. Overscan ne ke rufe wannan dattin, to a bar shi ya yi aikinsa a wannan ƙofar kaɗai.