Bargon Kirsimeti Mai Falle-Falle: Inda Masu Saƙa Suka Fi Tuntuɓe

Bargon farko da na saƙa na irin wannan, maƙwabciyata na yi wa a Jos, kyautar Kirsimeti. Ja da kore da fari, falle tamanin, na haɗa shi ana saura kwana biyu biki. Da na shimfiɗa shi a kan gado sai na ga gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kusan taƙi guda, tsakiyarsa kuma ta yi tozo. Haka na naɗe na kai mata, ta yi ta godiya. A wankin farko jan zaren ya zuba, farin ya koma ruwan hoda. Har yau ba ta ce mini komai ba, a kan igiyar shanya na gani da idona.

Turawa suna kiran wannan saƙa granny square, wato murabba'in kaka, ana cewa don tun asali aikin tsofaffi ne da ke tattara guntattakin zare kada su tafi a banza. An buga tsarinsa a wata jaridar manoma ta Amurka, Prairie Farmer, tun 1885, kuma ya yi tashe sosai a shekarun 1970. Can sanyin Disamba ne ya haɗa shi da Kirsimeti. Mu ma nan bikin yana faɗowa ne a tsakiyar hunturu, kuma duk wadda ta taɓa kwana a Jos a ƙarshen shekara ta san bargo kyauta ce mai daraja. Wahalarsa guda ce: kuskuren da ba ya fitowa a falle ɗaya, ranar haɗi yake fitowa sau tamanin. Saboda haka yawancin gyaran da zan faɗa a falle biyar na farko ake yinsa.

Mu daidaita kalmomi tukuna. Idan na ce sarƙa, ina nufin ki naɗa zare a kwarashi ki jawo shi ta cikin madaukin da ke kai. Idan na ce sanda, ina nufin ki naɗa zare a kwarashi sau ɗaya, ki soka, ki jawo zare ya zama madauki uku, ki zare biyu, ki sake zare biyu. Sanda uku a rami ɗaya su ne tari. Masu koyo a YouTube su kula a nan: abin da 'yar Amurka ke kira double crochet, 'yar Ingila treble take ce masa, double ɗinta kuwa gajeren ɗinki ne da bai kai tsayin sanda ba. Wadda ta bi suna ba ta kalli hannun mai koyarwa ba, sai ta ga fallenta ya fito ƙanƙani, ya yi tauri kamar faifai.

Kuskure mafi yawa a kwana yake, wato kusurwa. Falle yana faɗaɗa ne ta kusurwoyinsa huɗu kawai, kuma kowace kusurwa tari biyu take ɗauka a rami ɗaya: sanda uku, sarƙa biyu, sanda uku. Ramukan gefe tari ɗaya-ɗaya. Lissafin ba ya canzawa: zagaye na farko tari 4, na biyu 8, na uku 12, na huɗu 16, na biyar 20. Kina hira, ko yaro ya kira ki, sai ki sa tari ɗaya a kwana ki wuce. Fallen zai lanƙwashe ya zama kamar ƙoƙo. Idan kuma kika sa tari biyu a ramin gefe, kin ƙirƙiro kwana ta biyar, baki zai yi ta lauje-lauje kamar ganyen latas. Kada ki ce ja zai gyara. Ki warware zuwa inda kika ɓata, minti biyar ne. Ni a ƙarshen kowane zagaye nakan ƙirga tarin gefe ɗaya, in duba ko sauran ukun sun yi daidai da shi, kafin in yanke zare.

Akwai ƙoƙon da ba na lissafi ba ne, na matse hannu ne. Idan ƙirga ta cika amma fallen ya ƙi kwanciya, ki ƙara girman kwarashi da rabin milimita, ko ki sa sarƙa ɗaya tsakanin tarin gefe idan da ba kya sawa. Zare matsakaici yakan tafi da kwarashi mai milimita 4 zuwa 5. Abin da kika zaɓa a falle na farko, shi za ki riƙe har na ƙarshe.

Wurin rufe zagaye ma yana cin mutane. Sarƙa ukun da kike tashi da su a farkon kowane zagaye a madadin sanda ɗaya suke, don haka sanda biyu kawai za ki ƙara musu, ba uku ba. Idan kin zagayo kuma, a kan sarƙa ta uku za ki rufe, ba a kan sandar da ke gefenta ba. Wadda ta saba kuskure nan za ta ga layi guda mai kauri ya ratsa kowane falle kamar tabon ƙuna.

Sai karkata. Wannan ya daɗe yana ba ni haushi kafin in gane ba laifin hannuna ba ne. Kan kowace sanda ba ya zama daidai bisa ƙafarta, yakan ɗan goce gefe. Idan kina zagayawa ta fuska ɗaya kullum, gocewar tana taruwa, zuwa zagaye na biyar ko na shida sai ki ga tsakiyar fallen ta juya kamar ana murɗa ta. Mai hannun hagu nata ta ɗaya ɓangaren yake juyawa. Maganin: duk zagayen da kika gama, ki kifa fallen ki yi na gaba ta bayansa. Gocewar wannan sai ta kashe ta wancan. Ribar ƙari ita ce bargon ba zai zama da ciki da baya ba.

Yanzu batun zare, inda kuɗi ke ƙonewa. Mata da yawa sukan sayi launi uku daidai wa daida, ja biyar, kore biyar, fari biyar. Ki koma kan lissafin can. A falle mai zagaye biyar tari 60 ne, zagayen waje kaɗai ya cinye 20, wato kashi ɗaya cikin uku, na tsakiya kuwa 4 kacal. Idan farin ne a waje, kuma da shi za ki haɗa, da shi za ki yi baki, to shi zai ƙare tun kina rabin hanya alhali jan yana jibge. Ki saƙa falle ɗaya cikakke ki ɗora a sikelin kicin. A ce ya yi giram 12: sau 80, giram 960 ke nan. Ki raba wa launuka gwargwadon tarinsu, sannan ki ƙara wa launin haɗi dunƙule biyu ko uku.

Kuma ki saya gaba ɗaya. Kamfani yana rina zare tukunya-tukunya, kuma jan wannan tukunya ba lallai ya zama jan waccan ba, ko da sunan launin ɗaya ne. Zaren da ya zo da takarda a ɗaure yana da lambar rini, ki tabbata duk iri ɗaya ce. Yawancin ulun da muke samu a kasuwa ba shi da wannan lamba, to ki sa mai shago ya ciro miki daga leda ɗaya, ki fito da su bakin ƙofa ki jera a hasken rana. Fitilar shago maƙaryaciya ce. In kuwa ya riga ya yanke miki kin ƙaro wani da ya ɗan bambanta, kada ki tara sababbin fallayen a gefe guda. Ki warwatsa su cikin tsofaffin, ido zai ɗauka ado ne.

Kada ki haɗa zaren auduga da na roba, wato acrylic, a bargo ɗaya, ko siriri da kakkaura, don kawai launin ya burge ki. Ba sa ja iri ɗaya, ba sa shan ruwa iri ɗaya. Shi kuma jan zare, ki gwada shi yadda kike gwada atamfa: yanki taƙi guda, jiƙa a ruwan ɗumi da sabulu, matse shi cikin farin ƙyalle. Ya bar alama, ki mayar ko ki canza farin da launi mai duhu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni na gani a igiyar maƙwabciyata.

Girman fallaye shi ne ya karkatar da bargona na farko. Hannun mutum ba ɗaya ba ne kullum. Wanda kika saƙa da safe hankali kwance ya fi sakewa, wanda kika yi da dare rai a ɓace ya fi matsewa. Na kuma ba ƙanwata ta taya ni guda ashirin, ita kuwa hannunta sakakke ne, nata suka fi nawa da kusan santimita ɗaya. Santimita ɗaya ba komai ba ne, sai an jera goma a layi. Tun daga nan nake yanka kwali daidai girman fallen farko, kowane na gama in ɗora a kai. Wanda ya gaza kaɗan, nakan warware zagayen waje in sake da kwarashi mafi girma, wanda ya zarce in sake da ƙarami. In za a taya ki, ki ba mai taya ki zagaye biyu na tsakiya ta yi wa duka, ke ki riƙe na waje. Haka hannu biyu zai shiga kowane falle daidai.

Hunturu ma yana sa baki. Kaushin yatsu yana kama zare ya tsittsinke shi, ki shafa mai ki bari ya nutse kafin ki taɓa fari. Fallayen da kika gama ki zuba a bokiti mai murfi, in ba haka ba na farko za su sha ƙura su yi ja-ja kafin na ƙarshe su iso. Kore mai duhu kuma da rana ake saƙa shi, a hasken tocila ba za ki ga ramin ba.

Jelar zare. Kowane canjin launi yana barin jela biyu. Zagaye biyar, jela goma, falle tamanin, jela 800. Wadda ta ce sai ta gama za ta bi su, ita ce za ki samu daren biki da almakashi tana ƙullawa tana datsewa. Ƙulli a zaren roba santsi gare shi, wanki biyu ya kwance, rami ya buɗe, kuma ramin tsakiyar falle ba ya gyaruwa da daɗi. Ki bar jela mai tsawon santimita 15, ki zura a allura mai faɗin ido, ki bi ta ƙarƙashin sandunan launinta, ki juyo ki koma ta cikin silin zaren, sannan ki yanke. Komawar ita ce makulli. Ki yi wa kowane falle nasa kafin ki ɗauki na gaba. Idan da zoben zare mai zugewa kike fara tsakiya, ki bi jelarsa ta zagaya sau biyu. Bargon yara kam na fi yarda da sarƙa huɗu a rufe, ramin ya ɗan fi girma amma ba ya kwancewa.

Kafin haɗi a daidaita fallaye. A kafe kowane da fil a kan katifa ko kwali daidai ma'auni, a fesa ruwa a bari ya bushe. Zaren roba ya fi jin tururi, amma a riƙe dutsen guga sama da shi, kada ya taɓa. Ya taɓa, zaren ya narke ya yi sheƙi ya mutu, ba ya dawowa. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Ranar haɗi ki share ɗaki ki jera duka a ƙasa, ki ɗauki hoto da waya. A ƙaramin hoto ne za ki ga inda jajaye uku suka taru wuri guda. Ki tattara layi-layi ki sa lamba. Ko da allura za ki haɗa ko da kwarashi, sanda ta fuskanci sanda, kwana ta fuskanci kwana, kuma ki saki hannu fiye da yadda kika saba. Tozon tsakiyar bargona daga matse ɗinkin haɗi ya zo: fallaye suna miƙewa, ɗinkin ya ƙi. Ki gama duk layukan tsaye, sannan na kwance.

Baki na ƙarshe yakan yi lauje a mahaɗar fallaye, don a nan kwana biyu suke haɗuwa, mutum ya zuba wa kowace tari biyu kamar kusurwar gaske. Kusurwar bargo huɗu ce kawai. A mahaɗa tari ɗaya a kowane rami ya isa, in ma ya so yin yawa ki rage sanda. Ki yi zagaye ɗaya ki shimfiɗa a ƙasa ki gani kafin ki ci gaba.

Saura lokaci. Bargo mai faɗin santimita 120 da tsawon 150, da falle mai santimita 15, jeri 8 ne sau 10. In falle yana cin rabin awa har da ɓoye jela, awa 40 ke nan. Biyu a rana, kwana 40. Wadda ta fara 1 ga Nuwamba za ta gama fallaye 10 ga Disamba, ya rage mata mako biyu na haɗi da baki da wanki, kuma haɗin yana cin lokaci fiye da yadda ake zato. Idan tsakiyar Disamba ta same ki da falle 48, kada ki hana idonki barci kina kora sauran, don na gaggawar nan su ne ke fitowa ƙanana. Ki jera 6 sau 8, ki yi masa baki mai faɗi, ya zama bargon rufe ƙafa a kujera ko na yaro. Ragowar zaren ki ɗaure a leda tare da kwalin ma'auni da kwarashin da kika yi aiki da shi.