Hitar banɗaki ta fara ba ka matsala? Duba waɗannan kafin ka kira mai gyara

Sanyi ya shigo, kuma duk shekara haka muke yi, sai Disamba ta kama ake tunawa da hitar da ke maƙale a bangon banɗaki tun watan Maris ba wanda ya ko kalle ta. Ni dai na sha wuya a kanta, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani zai amfana.

In ka kunna makunnin nan mai jar fitila ka jira kamar minti arba'in ruwa bai yi zafi ba, kar ka yi saurin cewa ta mutu. Duba ƙarfin wutar tukuna. Yawancin hitocin gidajenmu na lita 15 ko 30 ko 50 wajen wat 1500 suke ci kuma wuta mai ƙarfin bolt 220 suke so, to in NEPA sun kawo wutar nan mara ƙarfi wadda ko fanka da ƙyar take juyawa ai sai dai ta wuni tana ɗumama ruwan. In kuma wuta lafiya lau amma hitar shiru, sau da yawa tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan, ne ya yanke kansa saboda zafi ya yi yawa, akwai ɗan maɓalli a jikinsa da ake dannawa ya dawo. Amma don Allah a sauke bireka kafin a buɗe murfin.

Abin da ya fi ƙona hita shi ne kunna ta ba ruwa a ciki. Bara haka ta faru da ni, tankin sama ya ƙare ban sani ba, ashe bawul ɗin da ke hana ruwa komawa baya ma ya lalace, ruwan cikinta duk ya zurare, na kunna da asuba na tafi masallaci, kafin in dawo elimen, wato ƙarfen ciki da ke zafafa ruwan, ya ƙone. Da mai gyara ya zaro shi wallahi ya yi baƙi ƙirin har ya tsage a gefe. Tun daga ranar sai na buɗe famfon ruwan zafi na ga yana zuba sosai, ba ya tari ba ya fesar da iska, sannan nake kunnawa.

In ka ji tana ƙara kamar ana soya gyaɗa a ciki, yawanci dattin ruwan bohol ne ya daskare a jikin elimen, fari fat kamar kanwa. Shi ke sa ta daɗe ba ta yi zafi ba, ta yi ta cinye maka kuɗin mita. A zubar da ruwan, a ciro elimen a jiƙa shi a binega ya saki. Akwai kuma wani sandan ƙarfe a ciki da aka sa don tsatsa ta ci shi maimakon ta ci tankin, in ya cinye a canza, mutane da yawa ba su ma san da shi ba.

Ɗigar da bawul ɗin ƙasa yake yi lokacin da ruwa ke ɗaukar zafi ba matsala ba ce, aikinsa ke nan, yana rage matsin da ke ciki. Kar ka yarda wani ya toshe maka shi wai don banɗaki ya daina jiƙewa, hita na iya fashewa. Amma in jikin tankin ne ke yoyo da jan ruwa mai tsatsa, to sai dai sabuwa.

Maganar shokin kuwa ba a wasa da ita. In ka taɓa famfo ko shawa ka ji ɗan zirr ko yaya yake, kashe ta daga bireka, kar kowa ya sake wanka da ita sai mai aikin wuta ya auna elimen ya duba wayar at, wato wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, don gidaje da yawa ba a ma haɗa ta ba. Mu a gidanmu in ruwa ya yi zafi kashe hitar muke yi kafin a shiga wanka. Tamostat kuma a bar shi wajen digiri 60, sannan in za a yi wa yara wanka a fara zuba ruwan sanyi a bokiti kafin a sirka da na zafi, uwa ta taɓa da hannunta tukuna.