Darasi na Bakwai: Kafin Ka Sa Hannu ko Ka Dangwala

A Kano yanzu da wuya mutum ya yi wata harkar kuɗi mai kauri ba a miƙo masa takarda ba. Hayar shago a Kantin Kwari ko Singa, karɓar adaidaita sahu a kan biya kaɗan-kaɗan, rance daga ƙaramin banki, sayen fili, tsaya wa ɗan'uwa da zai kama aiki, ko'ina sai an ce "sa hannu a nan." Wanda bai iya rubutu ba a kawo masa tawada ya dangwala. Da yawanmu muna yi ba mu san abin da ke ciki ba, wani don sauri, wani don nauyin mai kuɗi, wani kuma don kada a gane bai iya karatu ba.

To ku sani, a gaban alƙali kalmar "ai ban karanta ba" ba ta fitar da mutum. Dokar yarjejeniya da manyan kotunanmu ke aiki da ita ta samo asali ne daga Ingila, kuma ƙa'idarta ita ce wanda ya sa hannu ya amince da duk abin da ke rubuce, ya karanta ko bai karanta ba. A 1934 wata mata mai gidan shan shayi a Birtaniya ta sayi injin sayar da taba, ta sa hannu a takardar ciniki ba ta duba ba. Injin ya ƙi aiki, ta kai ƙara. Ashe a can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa kamfani bai ɗauki alhakin ingancinsa ba. Kotu ta ce sa hannunta ya ɗaure ta. Har yau ana koyar da wannan shari'a ga masu karatun lauya a Najeriya. Magana zarar bunu ce, sa hannu kuwa ya fi ta wuyar mayarwa, domin yana nan a rubuce ko bayan ran mai shi.

Akwai hanyoyin da kotu ke warware mutum, amma ƙunci gare su. In an yi maka ƙarya a kan abin da takarda ta ƙunsa, ko an tilasta ka, ko an nuna maka takardar haya alhali ta sayarwa ce, kana da bakin magana. Sai dai kai za ka kawo hujja, kuma kotu za ta duba ko ka yi sakaci. A 1970 kotun ƙoli ta Ingila ta yanke hukunci a kan wata tsohuwa da ta sa hannu tana da shekara 78, tabaranta ya karye, tana zaton kyautar gida take wa ɗan ɗan'uwanta, ashe takardar ta mallaka wa wani ne dabam. Alƙalai suka ce ba za a soke ba, don ba ta nemi a karanta mata ba. Idan tsohuwa ba ta tsira ba, ina ga magidanci mai ido biyu?

Mai yiwuwa wani a aji ya ce, "Malam, mu da ba mu iya boko ba fa?" Doka ba ta manta da ku ba. Akwai dokar kare waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba. Ta wajabta wa wanda ya rubuta takarda a madadin irin wannan mutum ya sa sunansa da adireshinsa a jikinta, wanda hakan shaida ce cewa an karanta masa, an fassara masa ya fahimta, kafin ya dangwala. Takardar da ba a yi mata haka ba, wanda ya rubuta ta zai sha wuya kafin ya ci amfaninta a kanka. Amma ku lura da abu biyu. Wanda ya ce bai iya karatu ba, shi zai tabbatar wa kotu. Na biyu, kuma shi ne ya fi damuna: sau da yawa wannan bayani yana nan a ƙasan takarda an riga an buga shi, an ce an karanta maka, alhali ba wanda ya karanta maka ko layi ɗaya. Da ka dangwala, ka zama shaida a kan kanka.

Saboda haka mai karanta maka ya zama naka. Kada ka dogara da dillali ko yaron mai kaya, su ciniki suke so ya faɗa. Tafi da ɗanka ko 'yarka da ta yi makaranta, ko maƙwabcin da ka yarda da shi. In takardar da Turanci take, kai kuma Hausa ko ajami ka iya, a fassara maka layi-layi. Ba raini ba ne ka ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri in tafi da ita gida a duba mini, gobe in Allah ya kai mu in dawo." Mai gaskiya ba ya jin zafin wannan. Wanda ya ce sai yanzu-yanzu ko a fasa, gara a fasa.

Idan ana karantawa, kasa kunne ga jimillar kuɗin da za ka biya daga farko har ƙarshe, da ranar biya, da abin da zai faru in ka makara. A takardar adaidaita sahu nan ne hawaye yake: tambayi ko sati nawa za ka rasa kafin a ƙwace, da makomar abin da ka riga ka zuba. In tsaya wa wani za ka yi, ka sani bashinsa ya zama naka ranar da ya kasa, kuma ana iya binka har gida. Kada ka taɓa sa hannu a farar takarda ko fom mai gurabe da ba a cike ba. Karɓi kwafinka a wurin, ka adana. Maganar fili ko jinginar gida kuwa, kuɗin lauya bai kai asarar gida ba. Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin hukumar ba da agajin lauya ta gwamnatin tarayya.

Addininmu ma bai bar wannan ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ta ce wanda ake bi shi zai yi shifta, a kuma kafa shaidu. Wato mai ɗaukar nauyi dole ya san abin da ake rubutawa a kansa.

Aikin gida: kowa ya zo aji na gaba da wata takarda da ya taɓa sa wa hannu, ko rasit ne ko ta haya. Za mu zauna biyu-biyu, ɗaya ya karanta, ɗaya ya nuna inda aka rubuta kuɗi, da kwanan wata, da sunan shaida.