Daga ɗakin gwaji zuwa ɗan jarida mai zaman kansa: kurakuran da na gaji da gani

Wallahi na gaji da ganin masu digirin digirgir suna barin bincike su shigo rubuta labaran kimiyya, a zatonsu takardar nan ce za ta sa edita ya amsa musu imel. Editan ko kallonta ba ya yi.

Abin da ya fi kashe su shi ne su aika cewa "ina so in yi rubutu kan zazzaɓin cizon sauro". To sai me? Wannan ai maudu'i ne kawai. Labari shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta amince da rigakafin cutar mai suna RTS,S a 2021, ta ƙara da R21 a 2023, to su wa yake kaiwa gare su, su wa aka bari, wa za ka tambaya, me ya sa sai yanzu. Sakin layi uku sun isa. Kuma don Allah kar ka zauna ka rubuta duka kafin a ce maka eh a rubuce, da nawa za a biya, da yaushe, da abin da za a ba ka in an fasa bugawa, ni wata mujalla ta taɓa karɓar aikina aka yi ta sa ni gyara har na haddace shi, ƙarshe editan ya bar wurin, kuɗina har yau shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. Yanzu in babu sharuɗɗa a imel ko kwamfuta ba na buɗewa.

Sai alƙaluma, kuma nan kam ba ku da uzuri. A 2015 hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, ta ce cin giram 50 na sarrafaffen nama kullum na ƙara haɗarin kansar hanji da kashi 18 cikin 100, aka yi ta ihu, alhali a aikace daga kusan mutum 5 cikin 100 ne zuwa kusan 6. Kai da ka karanta lissafi ka ba mai karatu duka biyun mana!

Sakamako a layin farko, ba mujallar masana kimiyya ta Nature kake aika wa ba. In a ɓeraye aka gwada, faɗi tun a kanun labari. Takardar da ka samo a medRxiv, shafin da masu binciken lafiya ke saka aikinsu kafin a buga shi a mujalla, masana ba su tantance ta ba tukuna, ka ce haka. Tsohon malaminka da ya duba maka aiki kuwa bar wa wani ya yi hira da shi, kai ba za ka iya yi masa tambaya mai zafi ba.