Kurakuran mai da masu injin zarto suka fi yi

Duk wanda ya taɓa bin masu yankan itace daga Kumasi zuwa dazukan gefen Offinso ya san galan biyun nan da yaron inji ke ɗauka, ɗaya na fetur, ɗaya na baƙin mai. Matsalar tana cikin na biyun.

Baƙin man da aka tsiyayo daga mota, wanda ake samu da araha wajen makanikai a unguwar Suame ta Kumasi, shi mutane da yawa ke zuba wa sarƙa. Ai arha ce, in ji su. To man sarƙa ba ya komawa tanki. Duk abin da ka zuba da safe, kafin la'asar sarƙa ta fesa shi kan ƙasa da ganye da garin katako, har da rigarka da huhunka. Shi kuwa baƙin mai cike yake da ɓurɓushin ƙarfe da dattin ƙonewar inji. Ruwan sama na sauka sai ya kwashe shi zuwa rafi, kuma rafukan wannan yanki da dama kogin Offin suke faɗawa, inda madatsar Barekese take, wadda Kumasi ke sha. Injin ma bai tsira ba: dattin yana toshe famfon mai, sarƙa ta yi zafi ta saki. Ka nemi man sarƙa na ainihi mai danƙo. In ka samu wanda aka yi da man tsirrai ya fi, don ƙasa na cinye shi.

Sai haɗin fetur. Kamfanonin ƙera injin zarto, Stihl da Husqvarna, duk sun ce, da man 2T nasu (man inji da ake gaurayawa da fetur), kashi ɗaya na mai ne cikin 50 na fetur, wato mililita 100 a lita 5. Amma maigida sai ya auna da ido. Mai ya yi yawa, hayaƙi ya turnuƙe, fulogi ya yi baƙi. Ya yi kaɗan, fistin ya kama, aiki ya tsaya. Kofin awo nawa yake? Kuma kada ka haɗa abin da zai wuce wata guda a ajiye.

Sarƙa mai dakushi ɓarauniyar fetur ce. In ka ga gari mai laushi na fita maimakon ɓarɓashi, tsaya ka sa magagari. Ka riƙa kaɗe matatar iska kullum.

Wurin zuba mai, yi amfani da mazurari, nesa da ruwa, sannan ka matsa aƙalla mita 3 kafin ka tayar. Galan da ya ƙare a dawo da shi gida.

Wani abu kuma da ba na mai ba: tun 1998 dokar Gana ta hana tsaga katako da injin zarto don sayarwa, kuma ana buƙatar a yi wa injin rajista a hukumar gunduma.