Yadda Za Ka Cike Wa Alhaji Takardun Haraji Ba Tare Da Ka Ɗauki Laifinsa A Kanka Ba

Yaran da ke zuwa koyon aiki wurina a nan Gombe, ba lissafi ke kayar da su ba. Yawancinsu sun karanci akanta, kwamfuta kuwa sun fi ni iyawa. Abin da ke kayar da su mutum ne: Alhajin da zai shigo bayan azahar, ya dire baƙar leda cike da rasit a kan tebur, ya ce jibi yake son takardar shaidar biyan haraji saboda an buɗe neman kwangila, sannan ya rage murya ya ce, "Kai dai ka san yadda za ka yi." Ba zan tsaya koya maka buɗe lambar TIN, wato lambar shaidar mai biyan haraji, ko shigar da alƙaluma ba. Wanda bai iya wannan ba bai isa karɓar aikin mutane ba tukuna. Maganata a kan mai ledar ce.

Ranar farko kada ka kwance ledar. Ka ba shi ruwa, ku gaisa sosai, sannan ka nemi takardar rajistarsa ta CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista. Abin da kake dubawa ɗaya ne: sunan kasuwanci ya yi wa rajista, ko kuwa cikakken kamfani ne mai Limited a wutsiya? In sunan kasuwanci ne, shi da kasuwancin abu ɗaya ne a idon doka, harajinsa na hukumar tara haraji ta jiha ne. In kamfani ne, harajin ribarsa na tarayya ne, wurin hukumar da muka saba kira FIRS, wadda ta koma NRS tun daga Janairun 2026. Alhazai da yawa ba su san wanne suke da shi ba. Wani lauya ne ya yi musu rajistar shekaru takwas da suka wuce don banki ya nema, aka jefa takardar a durowa. Za ka ji ya ce, "Ai kamfanin bai taɓa aiki ba." To, kamfanin da bai yi aiki ba ma wajibi ne ya kai bayaninsa duk shekara, ko da sifili zai rubuta. A sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, tarar rashin kai bayani naira 100,000 ce a watan farko, sai 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Shekara guda ke nan ta kama 650,000. Ka faɗa masa wannan a zaman farko, tun kafin sisinsa ya shiga hannunka. In ka bari sai tarar ta fito a kwamfuta, wallahi cewa zai yi kai ka tono masa ita.

Sai maganar kafin alƙalami. Ni rabi nake karɓa, kuma ban yarda a yi ƙasa da haka ba, ko surukinka ne. Kuɗin aikin ma a kan shekara ake yanka shi, ba a kan takarda ba. Takardar shaidar biyan haraji shekaru uku na baya take nunawa, saboda haka wanda bai taɓa kai komai ba aiki uku ya kawo maka, ko da shi takarda ɗaya yake gani. Sababbi suna jin kunyar faɗin wannan, su karɓi kuɗin aiki ɗaya, su yi wata guda suna sayen data da man mashin daga aljihunsu. Abu na biyu a nan: kuɗin harajin kansa kada ya kwana a asusunka. Zai ce, "Bari in tura maka gaba ɗaya ka biya." Ka ce, "Ranka ya daɗe, ga lambar biya nan na fitar, a tura yaro banki ya dawo mana da rasit." Ranar da ya haɗa kuɗinka da na gwamnati a taransfa ɗaya, ranar ya fara zargin ka ci rabi.

Yanzu ga inda na taɓa faɗuwa, kuma nan nake so ka zauna.

A shekarata ta biyu da fara wannan sana'a, wani ɗan kasuwa ya kawo mini sitatimen na banki guda, mai tsabta, shekara cif. Na ce, "Alhaji, wannan ne kaɗai asusun kamfanin?" Ya ce, "Shi ke nan, Malam." Na ɗauka, na haɗa lissafi, na kai. Ashe akwai wani asusun a wani banki, inda kuɗin kwangilolin da yake yi wa wata ma'aikata ke shiga. Ita kuwa ma'aikata, duk wanda za ta biya sai ta zaftare harajin da ake cirewa tun daga tushe, ta tura wa hukuma da sunansa da lambarsa. Tun da FIRS ta kawo manhajarta ta kai bayanin haraji, TaxPro Max, a 2021, irin wannan kuɗi yana bayyana a shafin kamfani. Wato hukuma ta riga ta san an biya shi kuɗin kwangila, ni kuma na kai takarda da ke cewa bai yi ba. Da wasiƙa ta zo, Alhaji ya shiga majalisarsu ya ce wani yaro ne ya cike masa shirme. Mutum uku suka janye aikinsu daga wurina a watan, ba wanda ya tambaye ni ba'asi.

Laifina shi ne yadda na yi tambayar. Bahaushe ba ya faɗin yawan dukiyarsa don an tambaye shi kai tsaye, kamar yadda Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa. Ba ma lallai ƙarya yake nufi ba. A ransa wancan asusun "na kwangila ne," wannan kuma "na kasuwa," kai kuma na kasuwa ka tambaya. Saboda haka yanzu kafin in yi masa ko tambaya ɗaya, sai na fara buɗe shafinsa na hukuma in ga abin da aka riga aka sani a kansa. Sannan in bi da shi a hankali: Alhaji, in mutanen Legas za su turo kuɗi, ina suke turawa? Na'urar POS da ke shago, da sunan wa aka karɓo ta? Wancan alat da ya shigo yanzu muna zaune, na wane banki ne? Sau da yawa za ka tarar POS ɗin da sunan yaron shago take, ko da sunan uwargida. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, cinikin da a da ake yi hannu da hannu ya koma taransfa, har mai sayar da tumatur yana da asusu biyu a waya. Abin da ya bi ta waya kuwa ya bar sawu.

In ka tattara sitatimen duka, ka buga su a takarda. Na san da tsada, shafi ɗari biyu ba wasa ba ne, amma Alhaji ba zai leƙa fuskar kwamfutarka na awa biyu ba. Ka saka kuɗin bugun a cikin kuɗin aiki. Sannan ka nemi zama da shi, ku biyu rak. Ba a shago ba, ba a gaban yaransa ba, ba a majalisa ba. Da hantsi ya fi, a ɗakin baƙinsa, kafin waya ta fara damunsa. Ka zo da biro kala huɗu. Ku bi duk wani babban kuɗi da ya shigo, ɗaya bayan ɗaya, kana tambaya yana amsawa: wannan ciniki ne, wannan bashi ne aka biya shi ko ya ciwo, wannan daga asusunsa ne zuwa asusunsa, wannan kuma kuɗin mutane ne, ajiya ko adashi ko na ginin ƙanensa da ke Saudiyya. In ya fara noƙewa, ni abin da nake ce masa shi ne, "Ranka ya daɗe, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara ni in gani a nan da su gani a can."

Wannan zaman ba don kama shi ba ne kawai, sau da yawa shi yake ceta. Ɗauki dillalin hatsi a Tudun Hatsi. Mai saye daga kudu zai turo masa naira miliyan 20 ya haɗa masa masara ko wake, ya bi kasuwannin ƙauye ta wajen Kumo da Dukku ya saya, ya loda a mota. Abin da ya rage masa la'ada ce a kan kowane buhu. Sabon akanta zai ga miliyan 20 ta shigo ya rubuta ta a matsayin ciniki, ya ɗora wa bawan Allah harajin da ko motarsa ya sayar ba zai biya ba. Amma faɗa da baki cewa "kuɗin mutane ne" ba ya wadatarwa ranar da aka zo bincike. Ka nemi littafin da yake rubuta buhuna, takardun lodi, har saƙonnin WhatsApp da suka yi da mai kayan. Ka ɗauki hotonsu ka liƙa a fayil kusa da layin da kuɗin ya shigo. Aiki ne mai cin rai, kwana biyu yakan ci mini a kan mutum ɗaya, kuma ban san wata gajeriyar hanya ba.

Daga nan za ku iso gaɓar "ka rage." Kowa sai ya faɗa, har wanda harajinsa bai kai kuɗin cefanen sati ba. Kada ka yi wa'azi, kada kuma ka ce ba zai yiwu ba. Ka ce za a rage, amma ta ƙofa. Ka jawo ledar nan da ka ƙi kwancewa: hayar shago, albashin yara, man janareta, kuɗin dako da na lodi, gyaran motar kaya, duk ana cire su daga ciniki kafin a kai ga riba, muddin akwai shaida. Kuɗin makarantar 'ya'ya da kujerar Umara da kayan lefe ba sa ciki, ko da daga asusun kamfani aka biya. Harajin da aka zaftare masa a kwangila kuma ba ɓata ya yi ba, ana cire shi daga abin da zai biya, wasu ma har rara suke da ita ba su sani ba. Ga mai ƙaramin ƙarfi, sabuwar doka ta yafe haraji a kan naira 800,000 ta farko na abin da mutum ya samu a shekara. In ya ga alƙalamin ya sauko ta waɗannan hanyoyin, yawanci yakan huce.

Wani zai ce ai ya fitar da zakka. Ka ce Allah ya karɓa, amma fom ɗin ba shi da gurbinta, kada ka shiga muhawarar malamai. Wani zai ɗauko zancen hanyar unguwarsu da wuta da ruwa, me gwamnati ta yi masa. Ka bar shi ya gama, wani lokacin ma gaskiyarsa ce, sai dai ba kai za ka kashe kuɗin ba. Wanda nake sallama shi ne mai cewa a cire asusu guda gaba ɗaya, ko a nemo masa takardar shaida ta bayan gida wurin "wani yaro a ciki." Wannan ina mayar masa da kafin alƙalaminsa cif, in raka shi har mota. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni kuwa wannan askin ba na yi.

Kafin ka danna komai, ka karanta masa alƙaluman ƙarshe da Hausa: ciniki kaza, kashewa kaza, riba kaza, haraji kaza, asusu guda nawa aka duba da sunayen bankunan. Ya sa hannu a ƙasa. In ba ya boko, ya yi maka saƙon murya a WhatsApp yana maimaita su, ka adana. Wasu na ganin wannan rashin yarda ne. Ni tun daga abin da ya same ni ko limamin unguwarmu ne sai ya sa hannu.

Sauran kuma kiyaye rana ne. Mai ma'aikata ya kai bayanin harajin albashinsu na shekara kafin Janairu ya ƙare, ɗaiɗaikun mutane 31 ga Maris, kamfani wata shida bayan rufe shekararsa, wato 30 ga Yuni ga mai rufewa a Disamba. VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka sayar, ranar 21 ga kowane wata. Kada ka taɓa gaya wa mai jan ƙafa ainihin ranar. Ka rage masa sati uku, don shafin hukuma yakan cushe a kwanakin ƙarshe, kuma daga 2023 zuwa 2025 aikin Hajji ya riƙa faɗowa daf da wa'adin Yuni, sai ka nemi mai sa hannu ka ji yana Mina. Ka ajiye kwafin komai shekara shida. Ka kuma ja masa kunne cewa duk wasiƙar da ta zo daga hukuma ya ɗauki hotonta ya turo maka a ranar, domin kwana 30 kacal ake da su na rubuta ƙin amincewa da harajin da aka yanka, in ba a daidaita ba sai kotun ɗaukaka ƙarar haraji ta shiyyar arewa maso gabas da ke Bauchi. Zai ce to. Duk da haka ka riƙa kiran yaron shagon duk ƙarshen wata kana tambaya ko an kawo wata takarda mai tambari, don galibi a ƙarƙashin kanta ake tsintar ta, an ɗora mata kwanon abinci.