Ranar da ƙafa ta ƙi: yadda nake yi da gajiya a kan keke

Shekara ta bakwai ke nan ina hawan keke don motsa jiki da jin daɗi kawai. Ba na shiga tsere, ba ni da mai horar da ni. Sau uku nake fita a mako: biyu gajeru kafin in tafi aiki, ɗaya mai tsawo a ƙarshen mako, kilomita 50 zuwa 70 idan jiki ya yarda. Hawan tudu da gyaran faci na koye su cikin 'yan watanni. Abin da ya ɗauke ni shekaru shi ne sanin abin yi ranar da na farka na ji ƙafafuna kamar an ɗaura musu duwatsu.

A da, abu biyu kawai na sani: ko in takura wa kaina in fita kamar kullum, ko in koma barci in wuni ina jin haushin kaina. Dukansu sun cutar da ni. Daga baya na gane cewa abin da muke kira gajiya iri-iri ne, kuma abin da ke maganin wata yana ƙara wa wata ƙarfi. Don haka aikin farko shi ne ka gano wacce ce ta ziyarce ka yau.

Tun kana kwance

Kafin in sauko daga gado nakan ɗora yatsu biyu a wuyan hannuna in ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya cur. Lambar ba za ta gaya maka komai ba sai ka san taka ta kullum, saboda haka ka yi mako biyu kana rubutawa kowace safiya. Tawa tana tsakanin 56 da 59. Ƙarin bugu biyu ko uku ba abin damuwa ba ne. Amma ranar da na ga 66 ko 67, musamman kwana biyu a jere, na san jiki yana fama da wani abu: ko bai gama murmurewa daga fitar da ta wuce ba, ko barci bai ishe shi ba, ko mura tana tafe.

Sai in tambayi kaina awa nawa na yi barci a dare biyun da suka wuce, ba daren jiya kaɗai ba. Baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9. Dare ɗaya na awa biyar jiki yana iya shanyewa, amma uku a jere sai sun fito a ƙafa. Wani abu da na daɗe ban lura da shi ba shi ne kofin da nake sha da yamma don in ƙarasa aiki. Sinadarin da ke cikinsa yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jini, ke nan na ƙarfe biyar na yamma yana nan tare da kai har ƙarfe goma na dare. Da na mayar da shi na safe kaɗai, safiyoyin mutuwar jiki suka ragu sosai.

Akwai wurin da ba na yin ciniki ko kaɗan. Idan da zazzaɓi, ko tari mai fitowa daga ƙirji, ko ciwon gaɓoɓi irin na masassara, ko amai da gudawa, keke ya zauna a gida. Motsa jiki mai ƙarfi a lokacin da ƙwayar cuta ke yawo a jiki yana iya taɓa tsokar zuciya, kuma babu wata fita da ta kai a yi mata wannan kasada. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan yoyon hanci ne kawai da atishawa, jiki kuma babu zafi, ana iya fita a hankali na ɗan gajeren lokaci.

Gwajin minti goma sha biyar

Yawancin ranakun ba haka suke a fili ba. Bugun zuciya daidai, babu ciwo, amma jiki ya mutu, zuciya ba ta so. A nan ne nake yi wa kaina alƙawari ɗaya: zan sa kaya, in hau keke, in yi minti 15 a giya mai sauƙi, kuma idan bayan haka ban ji sauyi ba zan juya gida ba tare da zargin kaina ba. Sharaɗin shi ne alƙawarin ya zama na gaskiya. Idan ka saba yaudarar kanka, ka ce minti 15 ka zarce awa biyu alhali jiki yana kuka, gobe ba za ka yarda da bakinka ba.

Kasala, wadda zaman ofis da tunani da kallon waya ke haifarwa, tana narkewa da zarar jini ya fara gudu. Wajen minti na goma sai ka ji kafaɗu sun saki, numfashi ya daidaita, ka fara ganin hanya maimakon tayar gaba. Gajiyar gaske kuwa ba ta narkewa. Ƙafa tana nan da nauyi, ɗan tudun da kake wucewa a zaune ya tilasta maka miƙewa, kuma idan kana da agogon auna zuciya za ka ga ɗayan biyu: ko bugun ya yi sama fiye da aikin da kake yi, ko kuma kana matsawa ya ƙi tashi. Jiki magayi. A lissafina, cikin fita goma irin wannan, kusan bakwai kasala ce, uku nake juyawa.

Idan ka ci gaba

Ranar ƙarancin ƙarfi tana da tata irin tafiyar. Sauko da giya biyu ƙasa da wadda ka saba, ka bar ƙafa tana juyawa da sauƙi, kamar zagaye 85 zuwa 90 a minti. Taka giya mai nauyi a hankali yana cin tsoka, kuma tsokar ce ta gaji. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne magana: idan ba zan iya faɗin jimla cikakkiya ba tare da haki ba, na yi sauri.

Rage gudu yana sauƙaƙa aiki fiye da yadda mutane ke zato, saboda yadda iska take. Idan ka ninka gudunka biyu, turjiyar iska tana ninkawa huɗu, ƙarfin da za ka kashe don keta ta kuma ya ninka takwas. Sauka daga kilomita 28 a awa zuwa 23 yana zubar da kusan rabin ƙarfin da kake ɓatarwa wajen kokawa da iska, alhali a tafiyar kilomita 20 minti tara kacal ka ƙara. Sannu ba ta hana zuwa.

Hanya ma nakan canja ta. Maimakon in nausa nesa, sai in zaɓi zagaye da bai fi kilomita biyar daga gida ba, mai ƙarancin tudu, yadda duk lokacin da na ji ya isa zan iya yankewa. Idan ana iska, in fara da fuskantarta, in dawo tana tura ni. Wayar kuma tana aljihu. Ni mai son Strava ne, manhajar waya da ke ajiye nisa da gudun kowace fita, amma a irin wannan rana ganin lambobin makon jiya yana sa ƙafa ta yi abin da ba ta da halinsa.

Idan da abokai kuka fita, ka faɗa musu tun a wurin haɗuwa: yau ba ni da ƙarfi, zan zauna a baya. Wanda ke bin tayar wani a kusa yana samun sauƙin kusan kashi ɗaya cikin uku na turjiyar iska. Ba abin kunya ba ne, ranar wani ma tana zuwa. Ko mahaya gasar Tour de France ta ƙasar Faransa, masu yin zango 21 cikin mako uku, suna da ranakun hutu biyu, kuma a ranakun yawancinsu sukan fita su juya ƙafa a hankali na awa ɗaya ko biyu.

Kafin ka ɗora wa jikinka laifi, ka duba keken. Na taɓa yin mako guda ina tunanin rashin lafiya ce ke damuna, ashe birkin baya ne ke gogar wili. Ɗaga kowace taya ka juya ta da hannu ka saurara. Matsa ta ka ji iska, ka duba ko sarƙa ta bushe. Sirdi ma yakan zame ƙasa a hankali ba ka sani ba. Idan feda tana can ƙasa, gwiwa ta zama ta ɗan lanƙwashe kaɗan ne kawai.

Gajiyar da ke faɗowa a tsakiyar hanya

Wannan daban take, kuma ita ta fi ba ni tsoro. A shekarata ta biyu na fita tafiyar kilomita 65 da ruwa kawai, ban ci komai ba tun daren jiya, ina ganin haka zai taimaka wajen rage ƙiba. Har kilomita 45 lafiya lau. Cikin minti goma komai ya juye. Hannuna ya fara rawa, gumi mai sanyi ya keto, idona ya riƙa ganin hanya dishi-dishi, na kasa yin lissafin saura nawa. Wani dattijo da muke fita tare, wanda ya girme ni da fiye da shekara ashirin, ya dawo baya ya dube ni.

"Ɗana, sauka ka zauna. Yaushe rabonka da abinci?"

"Baba, tun jiya da dare."

Bai yi mini faɗa ba. Ya ciro ayaba biyu daga aljihun rigarsa, ya zauna tare da ni a inuwa minti ashirin, sannan ya ja ni a bayansa har gida.

Ga abin da ya faru. Jiki yana ajiye makamashin gaggawa a tsoka da hanta, wani nau'in sukari da ake kira gilaikojin. A yawancin mutane duka-duka kimanin giram 500 ne, kuma idan kana taka feda da ƙarfi, cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya kusa ƙarewa. Kitse yana nan da yawa, amma a hankali jiki ke ƙona shi, ba ya iya biyan buƙatar ƙafa mai gudu. Ƙwaƙwalwa kuma da sukarin jini take aiki, shi ya sa tunani ke rikicewa. A kan titi mai motoci wannan haɗari ne na gaske.

Tun ranar, duk fitar da za ta wuce awa ɗaya da rabi nakan ci wani abu kafin in tashi, kuma in fara ci a kan hanya tun minti na 45, kafin yunwa ta yi magana. Abin da ake nema shi ne giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa. Ayaba matsakaiciya tana da kusan 25. Idan abin ya riga ya same ka, ka sauka daga titi, ka ci abu mai zaƙi, ka jira minti 15 zuwa 20, ka koma gida ta hanya mafi kusa. Kada ƙarfin da ya ɗan dawo ya ruɗe ka ka ci gaba da tafiyar.

Ruwa kuma, hanya mafi sauƙi ta sanin buƙatarka ita ce sikeli. Hau kafin fita, hau bayan dawowa. Kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi. Asarar da ta kai kashi 2 cikin 100 na nauyinka tana rage ƙarfi, wato kilo ɗaya da rabi ga mai kilo 75. A doguwar tafiya cikin zafi ka sa ɗan gishiri a ɗaya daga cikin gorunan, don ruwa zalla mai yawan gaske ba tare da gishiri ba yana da nasa haɗarin.

Idan ta ƙi tafiya

Ciwon tsoka bayan fita mai wuya yakan kai ƙololuwa cikin kwana ɗaya zuwa uku ya wuce. Gajiyar da ta zarce haka, fita bayan fita, yawanci alama ce ta ƙara nisa ba tare da ƙara hutu ba. Ƙarfi yana ginuwa ne a lokacin hutu, bayan aikin. Yanzu nakan yi mako uku ina ƙarawa kaɗan-kaɗan, na huɗu in rage nisa da kusan rabi. Kuma makon da aiki ya yi yawa ko aka yi rashin lafiya a gida, ina ƙirga shi a matsayin mako mai nauyi ko da ban hau keke sosai ba, don jiki ɗaya ne ke ɗaukar duka.

Amma idan ka huta mako biyu, kana barci, kana ci, gajiyar tana nan, ka je asibiti a duba jininka. Ƙarancin jini, musamman ga mata, da ciwon sukari, da matsalar ƙullin wuya da ake kira tayirod, da yankewar numfashi cikin barci, da ciwon damuwa, duk sukan fara bayyana a matsayin gajiya. Ciwon ƙirji, suma, jiri mai tsanani, ko zuciya ta riƙa bugu ba tsari a kan keke kuwa, waɗannan ba a jira mako biyu. A ranar ake ganin likita.

Ranar da na juya gida

Abu ɗaya da na haramta wa kaina shi ne biyan bashi. Fitar da ta wuce ta wuce, ba na ɗora kilomitocinta a kan ta gaba. Nakan yi amfani da lokacin in wanke sarƙa in sa mata mai, in yi tafiyar ƙafa ta minti ashirin da yamma, in kwanta awa ɗaya kafin lokacin da na saba. A littafina nakan rubuta layi ɗaya: bugun safe, awannin barci, abin da na ji. Na makon da ya wuce yana cewa: "Talata, 65, barci awa biyar, na juya a minti na 15." Na Alhamis kuma: "58, barci awa takwas, kilomita 24, giya mai sauƙi, ƙafa ta dawo a kan tudu na biyu."